Ido, Kunne da Zuciyar Mai Karatu: Yadda Littafi Ke Sauka a Yammacin Katsina

Nazarin adabin Hausa, tun lokacin da ya samu gindin zama a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, ya fi karkata ga marubuci da abin da ya rubuta, har ta kai ɗalibi yana iya cika kundin digiri da bayanin jigo da salo da zubi da tsarin littafi guda, ba tare da ya nemi jin ta bakin ko mutum ɗaya daga cikin dubban da suka karanta littafin ba. Tarke, wato auna aikin adabi bisa wasu ƙa'idoji domin fito da ƙarfinsa da rauninsa, ya zama aikin malamai, shi kuwa abin da talaka ya ji a ransa bayan ya rufe littafi, na daga tausayi ko fushi ko kunya ko natsuwa, ana ɗaukarsa hirar gindin bishiya wadda ba ta kai a rubuta ta ba. Wannan sakaci ne mai tsada, domin littafi ba ya gama aikinsa sai ya sauka a zuciyar wani, kuma yadda zai sauka ya danganta da abubuwa uku, wato irin littafin, da hanyar da ya bi ya iso, ta ido ko ta kunne, da kuma halin rayuwar da ya tarar da mai karatun a ciki. Abin da mai karatu ya ji shaida ce da ta wajaba a saurara, ko da yake shaida ba ta isa a gina hukunci a kanta ba sai an tambayi mai ita dalilinsa.

Garuruwan yammacin Katsina, irin su Tsaskiya da ke Ƙaramar Hukumar Safana da maƙwabtanta na ƙasar Batsari, sun dace a auna wannan magana a kansu, saboda abubuwan nan uku duk sun fito fili a cikinsu. Yanki ne na manoman gero da dawa da makiyaya, a gefen dajin Rugu wanda ya miƙa har cikin Zamfara, yana da nisa da kasuwar littattafai ta Kano, kuma ya shafe shekaru yana fama da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane. Littafi yana shiga irin waɗannan garuruwa ta ƙofofi uku, wato zauren malam, da ajin makarantar boko, da akwatin rediyo ko wayar hannu, kuma kowace ƙofa tana koya wa mai shiga ta cikinta yadda zai karɓi abin da aka rubuta da kuma iyakar abin da aka yarje masa ya faɗa a kansa.

Wata malamar adabi 'yar Amurka, Louise Rosenblatt, wadda ta fara bayyana ra'ayinta a wani littafi na shekarar 1938 ta kuma faɗaɗa shi a 1978, ta kasa karatu gida biyu. Akwai karatun ɗiba, inda hankalin mutum ke kan abin da zai kwasa ya tafi da shi bayan ya gama, kamar hukuncin alwala ko yawan takin da gona ke buƙata. Akwai kuma karatun ɗanɗano, inda hankalinsa ke kan abin da ke gudana a cikin ransa a daidai lokacin da yake karantawa. A ganinta mai karatu ne ke zaɓar matsayin da zai tsaya, kuma littafi ɗaya yana iya karɓar karatun guda biyu. Wannan rabe-rabe yana taimakawa wajen fahimtar kalaman da Bahaushe ke yanke wa littafi hukunci da su, domin in ya ce labari akwai darasi, to ɗiba ya yi, in kuwa ya ce labarin ya taɓa masa zuciya ko ya sa shi hawaye, to ɗanɗano ya yi. Yabo na farko ya fi na biyu daraja a bainar jama'a, ta yadda wanda daɗin labari ya hana shi barci yakan fake da cewa darussan ciki ne suka riƙe shi, su kuma marubuta, da yake sun san haka, sukan buɗe littafi ko su rufe shi da jaddada cewa faɗakarwa suka nufa. Abin da wannan ke haifarwa shi ne ainihin abin da mutane ke ji ba ya fitowa, sai dai abin da suka san ba za a zarge su a kansa ba.

Littattafan ilimi, wato masu bayanin abin da ya auku ko abin da ya tabbata, saɓanin ƙagaggen labari, su ne suka riga kowane irin littafi shiga ƙasar Katsina, kuma ta zauren malamai suka shigo. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, yana jan Larabcin gaɓa-gaɓa malam yana fassara masa da Hausa, saboda haka tun asali ido da kunne tare suke aiki, kuma wanda ya duba littafi shi kaɗai a ɗaki ba a lissafa shi cikin waɗanda suka karance shi. Martanin da wannan tarbiyya ke ginawa shi ne ladabi da miƙa wuya, abin da ya dace da mai koyon ibada a gaban wanda ya fi shi sani. Matsala tana tasowa ne sa'ad da aka ɗauki wannan ladabi aka shimfiɗa shi a kan duk abin da aka buga a takarda, ko tarihin wani gidan sarauta ne da aka rubuta domin a faranta wa zuriya, ko tarihin rayuwar ɗan siyasa, ko ɗan littafin magunguna da ake tallarsa ranar kasuwa, har ya zama faɗin cewa abu a littafi yake ya isa ya kashe gardama. Alhali kuwa malaman da aka gaji wannan karatu daga gare su ba haka suka yi ba. Ɗan Masani na Katsina, a ƙarni na 17, sharhi ya rubuta a kan Ishiriniya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana ɓacin ransa da halin wasu daga cikin mutanen jihadi a Tazyinul Waraƙati. Muhammadu Bello kuma ya adana musayar hujjojin da aka yi da Shehu Alkanemi na Barno a cikin Infaƙul Maisuri, har da maganganun abokin jayayyar. Sharhi da raddi, wato yi wa littafi bayani da mayar masa da martani bisa hujja, suna cikin gadon, sai dai ba su gangaro wurin talakan mai karatu ba.

Wani dalilin da ya raunana martanin jama'a ga littattafan ilimi shi ne waɗanda suka fi shafar rayuwarsu ba da harshensu aka rubuta su ba. Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya wallafa babban bincikensa kan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883 a shekarar 1981, da Turanci, haka nan binciken da Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar a 2021 kan asalin 'yan bindigar Zamfara da yadda suka bunƙasa. Ƙasar Ruma, wadda hakimin Batsari ke riƙe da sarautarta, bakin daga ce a ƙarni na 19 tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan da suka koma Maraɗi bayan jihadi, kuma mutumin da ya san cewa ƙasarsa ta taɓa ganin zamanin hare-hare da ƙaura, sannan zamanin ya wuce aka dawo aka share gonaki, zai dubi halin da yake ciki da wani ido daban. Da irin waɗannan littattafai za su isa Tsaskiya ko Runka ko Wagini da Hausa, masu sauraronsu ba za su tsaya ga karɓa kawai ba, domin su ne suka san sunayen tungaye da burtuloli da mashaya, su ne kuma za su iya cewa marubuci ya dace a nan, ya kuskure a can. An taɓa ɗaukar hanya mai kama da wannan. Ma'aikatan talifi na Zariya sun fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Ikon Allah, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a 1939 ta ware fili ga wasiƙun masu karatu, hukumar NORLA kuma, a zamanin yaƙi da jahilci na shekarun 1950, ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, ciki har da Himma ta lardin Katsina. Wannan aiki ya ja baya, kasuwa ta koma hannun littafin addini da ƙagaggen labari, aka bar wawakeken giɓi na tarihi da kimiyya da sanin ƙasa a tsakaninsu.

Ƙagaggen labari ya fi samun martani a sarari, kuma ƙasar Katsina tana da babban rabo a tarihinsa. Lokacin gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki. Bayan kusan shekara hamsin Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Mallakin Zuciyata da Turmin Danya, Bature Gagare kuma ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Labaran da ke cikin littattafan wancan zamani suna nan yadda suke, amma masu karanta su sun canza. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labari ne na yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba ta sake sa shi a ido ba sai gab da rasuwarta. Ɗalibin da ya karanta shi domin jarrabawa a shekarun 1980 hoton wani zamani da ya shuɗe yake kallo, shi kuwa ɗalibin Safana ko Batsari na yau, wanda ya san an kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, wanda kuma ya tashi yana jin maganar kuɗin fansa a bakin manya, labarin maƙwabtansa yake karantawa. Haka ma Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ya bi sawun mutumin da ya tara makamai da mabiya ya kafa gungun ta'addanci bayan Yaƙin Basasa, a da mai karatu yana iya zargin marubucin da zuzutawa, yanzu kuwa mutumin gefen dajin Rugu ba zai ga zuzutawa a ciki ba. Malamin da ya koyar da waɗannan littattafai a wannan yanki ya tsaya ga jigo da salo kawai, ya tsallake mafi nauyin abin da ke cikin ajinsa, ko da yake tambayar abin da ɗalibai suka ji tana buƙatar tausasawa, domin cikinsu akwai wanda raunin bai warke ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga zamanin littattafan da marubuta ke bugawa da kuɗinsu, waɗanda aka fi sani da littattafan soyayya, kuma a nan ne mai karatu, musamman mace, ta fara zama mai faɗa a ji. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwan takwarorinsu sun yi rubutu a kan auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace, littattafan suka bi motocin kasuwa da shagunan haya suka shiga ɗakunan matan aure, inda kwafi ɗaya kan zaga gidaje da dama kafin ya yage. Marubuta sun riƙa sa adireshinsu, daga baya lambar waya, a jikin littafi, wasu har suna buga wasiƙun masu karatu a shafukan ƙarshe. Muhawara ta ɓarke a kansu, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano yana shakkar ingancinsu da ɗorewarsu, Abdalla Uba Adamu ya kare su a matsayin madubin sauyin da al'umma ke ciki, aka yi ta musayar alƙalami a filin adabin jaridar New Nigerian Weekly wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi, a 2007 kuma gwamnatin Jihar Kano ta jagoranci ƙona wasu littattafan a bainar jama'a. Mafi yawan hukuncin da aka yanke kan abin da littattafan ke yi wa 'yan mata an yanke shi ne ba tare da an zauna da 'yan matan an tambaye su ba. Lokacin da Janice Radway ta yi irin wannan zama da mata masu karanta labaran soyayya a Amurka, a binciken da ta wallafa a 1984, ta gano cewa ɗaukar littafin kanta wata hanya ce ta ware wa kai lokaci daga hidimar gida wadda ba ta ƙarewa. Matar da ta karanta Alhaki Kuykuyo Ne, ta ga yadda aka fitar da Rabi da 'ya'yanta daga gidan mijinta saboda amarya, ta kuma ga yadda ta riƙe su da sana'ar abinci, tana iya fitowa daga karatun da ƙarfin gwiwa da sanin cewa ba ita kaɗai abin ya sama ba, kuma wannan amfani ne na gaske ko da manazarci ya ga aibu a zubin littafin.

Duk da haka, kare martanin mai karatu ba ya nufin cewa duk abin da ya ji daidai ne. Akwai mai karatun da ba ya bambanta marubuci da tauraron labari, sai ya jingina wa marubuciya duk wata mummunar magana da ta sa a bakin wata a cikin littafi. Akwai wanda ma'auninsa ɗaya ne, wato ko an wulaƙanta muguwar kishiya a ƙarshe kuma tauraruwa ta auri mai kuɗi. Tsarin kasuwa ya ƙara wa wannan rauni ƙarfi. A da ana fitar da littafi kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke labari a inda ya fi zafi domin a sayi na gaba, yanzu kuma da yawan marubuta suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp, su ba da farkon kyauta sannan a biya kafin a ga sauran, ta yadda marubuciya ke jin ra'ayin masu biya tun labarin bai kai rabi ba. A irin wannan hali martani yakan rikiɗe ya koma umarni, a ja labarin da ya kamata ya ƙare, a tayar da wanda ya kamata ya mutu, a ƙara abin da ke jan kasuwa ko da batsa ce. Mai karatun da aka saba ba shi abin da ya nema kaɗai yana rasa babbar fa'idar adabi, wadda ita ce a sa mutum ya zauna na ɗan lokaci a cikin ran wanda ba ya ƙauna har ya fahimci yadda aka yi ya zama haka.

Littafin saurare, wato littafin da aka karanta da murya aka naɗa domin a ji, ana yawan yi masa kallon baƙon abu, alhali al'adar jin littafi ta girmi al'adar duba shi a ƙasar Hausa. A wajen tafsirin watan azumi mai jan baƙi yana karanta aya malam yana fassarawa, dubban mutane suna ɗaukar ilimi ba tare da takarda a hannunsu ba. 'Yan Taru na Nana Asma'u sun kai waƙoƙin koyarwa ga matan karkara ta bakin su jaji, wato shugabanninsu mata. Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi kansa makaho ne, ta zaga ƙasa a bakin masu rera ta. Manyan littattafan boko ma a kan sauraro aka gina su, domin a Magana Jari Ce aku ne ke ba da labari ana saurare, a Shaihu Umar kuma malami ne ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Gidajen rediyon Arewa sun daɗe suna da filayen karanta littattafai, daga baya wayar hannu ta karɓa, masu karatu suna naɗar labarai suna sawa a YouTube, masu shagunan caji da tura waƙoƙi suna loda wa mutane a memori, wani kuma ya tura wa wani ba tare da an sayi data ba. A ƙasashen Turai da Amurka an fara naɗar littattafai ne a shekarun 1930 domin makafi, sai daga baya abin ya zama babbar kasuwa, har kamfanin Amazon ya sayi Audible a 2008.

Masu raina sauraro sukan kafa hujja da cewa gani ya kori ji, amma wannan karin magana a kan shaidar abin da ya auku take, ba ta shafi fahimtar labari ba. Wani bincike da masana a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka wallafa a 2019, inda suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna karanta labarai da kuma suna sauraron labaran, ya nuna cewa sassan da ke sarrafa ma'anar kalmomi kusan iri ɗaya suke aiki a hali biyun. Ga yanki irin na Safana da Batsari wannan magana tana da nauyi, domin murya ta shigo da mutanen da takarda ta bari a waje: matar da ke surfe ko saƙar hula ko renon yara, da dattijon da ya iya ajami bai iya boko ba, da makaho, da yarinyar da aka cire daga makaranta ko aka rufe makarantar garinsu saboda tsoro. Waɗannan duka masu karatu ne, kuma wanda ya ce ba su karanta ba don ba da ido suka bi littafin ba, ya soke mafi yawan ilimin da aka ɗauka a zaurukan ƙasar nan.

Sai dai murya tana canza martani ta hanyoyin da ya kamata a sani. Tsakanin marubuci da mai sauraro an samu mutum na uku, wanda ke yanke shawarar inda za a sassauta da inda za a ɗaga murya, wanda kuma da lanƙwasa harshe kaɗai yana iya mayar da kishiya abar ƙi ko abar tausayi tun kafin labarin ya nuna halinta, don haka sau da yawa abin da mai sauraro ya so ko ya ƙi fassarar mai karantawa ce. Mai duba takarda yana tsayawa inda ya ga dama, ya koma baya ya gwada magana da magana, shi kuwa mai sauraro gudun muryar yake bi, abin da ba ya cutar da ƙagaggen labari sosai amma yana cutar da littafin ilimi, inda shekara da adadi da hujja ke wucewa kafin a auna su, murya mai kwarjini kuma ta sa a gaskata abin da ba shi da tushe. Wurin sauraro ma yana da tasiri, domin labarin da aka ji a rediyo a tsakar gida tare da suruka da yara kunya da ra'ayin manya ne ke tace martaninsa, wanda aka ji da abin sawa a kunne kuwa ba mai tace shi, ba kuma wanda za a tattauna shi da shi. Akwai kuma haƙƙin marubuci, wanda sau da yawa ake naɗar littafinsa ba da izininsa ba, wani lokaci har sunansa ya ɓace a hanya, mai sauraro ya san muryar bai san alƙalamin ba. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Safana da Batsari, na tsawon watanni, an ga raunin dogaro da intanet kaɗai, domin duk abin da ba a riga an sauke a waya ba ya yanke, aka koma ga rediyo da memori da takarda.

Ana iya cewa mutanen da ke kwana da fargaba, waɗanda wasunsu ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa, ba maganar littafi ce ta dame su ba, kuma labaran attajirai da manyan gidajen Abuja da suke saurare gudun gaskiya ne kawai. Gaskiya ne littafi ba ya maye gurbin tsaro da abinci, amma hutun da rai ke samu a cikin labari ba abin raini ba ne ga wanda ya wuni cikin zullumi, kuma ba a san ko labaran attajirai ne zaɓin mutane ba sai an ba su wani abu sun ƙi. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake, kuma ta rediyo ya isa kunnen jama'a. Wannan ya nuna cewa akwai marubutan da za su iya rubuta wahalar zamaninsu, akwai kuma hanyar da za ta kai ta ga waɗanda ta shafa.

Gyaran yana hannun mutane da hukumomin da ake da su a yanzu. Malamin Hausa a sakandare yana iya ƙara tambayoyi biyu a kan na jigo da salo, wato me ɗalibi ya ji, kuma wane wuri ne a cikin littafin ya sa shi jin haka, domin tambaya ta biyun ita ce ke mayar da motsin rai ya zama hujja. Sassan nazarin Hausa na manyan makarantun Katsina da na Dutsin-ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, suna iya tura ɗalibansu su tattara abin da masu karatu da masu sauraro na karkara ke faɗa a kan littattafai, maimakon a ci gaba da maimaita tarken littafi ɗaya shekara da shekaru. Gidajen rediyon jihar suna iya haɗa karatun littafi da filin da masu sauraro za su bugo waya su faɗi ra'ayinsu a kuma tambaye su dalili, sannan a ware wa littattafan tarihi da noma da lafiya lokaci kamar yadda ake ware wa na soyayya, a karanta su a tsanake ana maimaita adadi da shekara. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar tare da masana suna iya fassara binciken da aka yi a kan ƙasar Katsina zuwa Hausa, a naɗe shi da izinin masu shi, a sa sunan marubuci a farkon kowane kashi. Al'ummar da ta saba faɗin abin da ta ji game da littafi tare da dalilinta za ta fi wuyar ruɗuwa da jita-jitar da ake turowa a waya ko alƙawarin ɗan siyasa, marubutanta kuma za su samu masu karatun da za su tilasta musu kyautata aiki, kuma mutanen Tsaskiya da Batsari suna da haƙƙin a lissafa su cikin wannan al'umma tun daga farkon aikin.